Idan Sakacin Lauya Ya Salwantar Maka da Diyyar Rauni a Wurin Aiki: Yadda Ake Bin Haƙƙi a Najeriya

Ma'aikacin da inji ya cinye wa yatsu a masana'antar roba a Sharaɗa, ko lebura da ya faɗo daga bene a wurin gini a Abuja, yawanci abu ɗaya suke yi da zarar sun ɗan farfaɗo: su tattara takardun asibiti su miƙa wa lauya, su koma gida jinya. Wata ya bi wata, kullum amsar ita ce "ana kai". Ran nan sai a ce masa lokacin neman diyya ya wuce, ko kotu ta kori ƙarar saboda ba wanda ya zo, ko kuma kamfani ya riga ya biya kuɗin tun bara amma ba su iso hannunsa ba.

Ana iya maka lauya a kotu a kan irin wannan. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ta Najeriya ya ce lauya ba shi da kariya daga biyan asarar da sakacinsa ya jawo, kuma duk wata yarjejeniya da aka rubuta don wanke shi daga wannan alhaki ba ta da tasiri. Sai dai wanda zai shiga wannan hanya ya sani tun farko cewa shari'a biyu zai yi a cikin ɗaya. Zai nuna cewa lauyan ya yi sakaci, sannan ya nuna cewa ba don sakacin ba da ya samu diyyar. Masu ƙorafi da yawa suna da hujja mai ƙarfi a kan ta farkon, ta biyun ce ke kayar da su. Shi ya sa matakan da ke ƙasa suka fi karkata ga takardu da kwanan wata fiye da ɓacin rai.

Fara da karɓo fayil ɗinka

Kada ka fara da faɗa. Rubuta wa ofishin lauyoyin gajeriyar wasiƙa, ka nemi kwafin duk abin da ke cikin fayil ɗinka da bayanin inda maganar ta kwana. Ka kai kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi ya sa hannu da kwanan wata a kan naka. Idan sun ƙi karɓa, aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit ɗin. A wannan wasiƙar ba a zargin kowa da komai, don ranar da ka ambaci kalmar sakaci, ranar ce fayil zai fara "ɓacewa".

Wani lauyan zai ce ba zai saki takardu ba sai an cika masa kuɗin aiki. Yana da irin wannan dama a kan wasu takardun, amma ba shi ke riƙe da rajistar kotu ba. Idan an taɓa shigar da ƙara, je ofishin magatakardan kotun da lambar shari'ar, ka biya a ba ka kwafin da aka tabbatar da hatimin kotu: takardar shigar da ƙara, duk wata buƙata da aka gabatar, bayanan zaman kotu na kowace rana, da hukunci ko umarnin da aka bayar. Bayanan zaman nan su ne suka fi komai amfani, domin alƙali yana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba. A nan ne mutum kan ga cewa ranakun da aka ce masa "alƙali bai zauna ba", alƙali ya zauna, lauyansa ne bai je ba. Idan kuwa a NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, aka ce an kai maganar, je reshensu na jiharka ka tambaya a rubuce ko an taɓa shigar da takardar neman diyya da sunanka, kuma a wace rana.

Daga nan sai ka ɗauki littafin rubutu ka jera kwanaki: ranar da ka ji raunin, ranar da ka sanar da wurin aiki, ranar da ka fara zama da lauya, ranar da ka biya kuɗi da nawa, da ranar kowace magana mai muhimmanci. Rasit, alat na banki, saƙonnin WhatsApp, duk a adana. Kada ka sayar da wayar da saƙonnin ke ciki, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da aka ciro shaidar daga cikinta kafin kotu ta karɓa.

Ranar da ka ɗauki lauyan ita ce ginshiƙin komai. Idan ba ku rubuta yarjejeniya ba, hakan bai rushe maganar ba; rasit, ko wasiƙar da ya rubuta wa kamfani da sunanka, ya isa ya nuna cewa ya karɓi aikin. Abu ɗaya ne za a lura da shi: idan aikin kyauta ya yi maka, ba ko sisi, doka ta ba shi damar taƙaita alhakinsa ta hanyar yarjejeniya.

Auna kwanakin da ma'aunin doka

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, ta kafa asusun da masu ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya, hukumar NSITF kuma ke kula da shi. Ba a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Ba sai ka nuna laifin kamfani ba kafin a biya ka; ya isa a ce raunin ya faru ne a bakin aiki ko a dalilinsa. Dokar ta haɗa har da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, da cutukan da sana'a ke haifarwa, da lalacewar ji, da matsananciyar damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo. Sojoji ne kawai ba ta shafa ba, in ban da farar hula da ke aiki tare da su.

Sauƙin nan yana tafe da wa'adi iri-iri, kuma a nan ne akasarin sakacin lauyoyi ke faruwa. Ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, yana da kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa. Kamfani yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Takardar neman diyya kuwa a cikin shekara 1 ake shigar da ita daga ranar rauni ko rasuwa, sai in akwai wani uzuri na musamman da hukuma ta gamsu da shi, sannan a iya karɓa har zuwa shekara 3. Idan hukumar ta yanke shawarar da ba ka gamsu da ita ba, kwana 180 gare ka ka nemi ta sake dubawa a rubuce, in ka bari suka wuce damar ta tafi. Bayan nan ne ake zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Akwai wani wa'adin da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Idan wanda ya jawo raunin ba kamfaninku ba ne, ba kuma abokin aiki ba, misali direban wata tirela ya buge motar da kake kai kaya a cikinta, doka ta ba ka zaɓi: ko ka nemi diyya daga asusu a cikin wata 6, ko ka kai wancan mutumin kotu. In ka zaɓi kotu, ƙofar asusu ta rufe. Lauyan da ya ruga ya shigar da ƙara a kan direban da ba shi da ko inshora, ba tare da ya zaunar da kai ya bayyana maka abin da za ka rasa ba, ya yanke maka hukuncin da kai ne ya kamata ka yanke. A ganina wannan ya fi mantuwa da kwanan wata muni, don ba ya bayyana sai bayan shekaru.

Idan ƙarar sakaci ce kai tsaye aka yi niyyar shigarwa a kan wanda ya jawo raunin, wa'adin ya danganta da dokar wurin. A Legas da Babban Birnin Tarayya shekara 3 ne ga raunin jiki. Idan wanda za a yi ƙara jami'in gwamnati ne ko ma'aikatarta, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 kacal, kuma lauyoyin gwamnati ba sa mantawa da ita.

Yanzu ɗora waɗannan a kan jerin kwanakinka. Wa'adin da ya cika kafin ka taka ofishin lauya ba laifinsa ba ne. Wanda ya cika bayan ya karɓi fayil, yana da isassun takardu a hannu, bai yi komai ba kuma bai gargaɗe ka ba, shi ne abin da za ka riƙe.

Ceto diyyar kafin ka juya kan lauya

Mutane kan tsallake wannan mataki saboda zuciya, alhali shi ne mafi riba. Doka ta ɗora wa wanda aka cuta nauyin rage asararsa gwargwadon iko. In akwai hanyar gyara ka ƙi bi, lauyan da kake ƙara zai tsaya gaban alƙali ya ce kai ka ƙarasa kashe maganar da hannunka.

Ka duba da sabon lauya ko shekara 3 ɗin nan na uzuri na musamman ba su cika ba, a rubuta wa NSITF a bayyana uzurin. Rashin sanar da kamfani a cikin kwana 14 ma ba lallai ya kashe magana ba, idan kamfanin ya san da haɗarin, kamar a ce motarsu ce ta kai ka asibiti. In ƙara ce kotu ta cire daga jadawali don ba a zo ba, ana iya roƙon a maido da ita, kuma kotunan Najeriya sun daɗe a kan ƙa'idar cewa ba a hukunta mai ƙara da laifin lauyansa. Amma wannan rangwame yana da iyaka: yana aiki a kan jinkirin da dokokin kotu suka ba alƙali ikon yafewa, ba ya raya ƙarar da wa'adin doka ya riga ya kashe. Idan kuma kotun da ba ta da hurumi aka kai ƙarar, kamar a kai rikicin ma'aikaci da kamfani Babbar Kotun Jiha bayan gyaran tsarin mulki na 2010 ya mayar da irin waɗannan shari'u hannun Kotun Ma'aikata, to a tambayi sabon lauya game da hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar Sifax da Migfo, inda aka ce wa'adi ba ya tafiya a lokacin da ƙara ke gaban kotu.

Ko takardar "na yafe" da aka sa ka sa wa hannu a gadon asibiti, a ba ka 'yan kuɗin magani, kada ka ɗauka ta gama da kai. Dokar 2010 ta hana ma'aikaci yin yarjejeniya da mai aikinsa a kan yafe diyyar da yake da haƙƙinta a ƙarƙashinta, kuma irin wannan takarda ba ta ɗaure shi.

Idan an ceto maganar, abin da ya rage tsakaninka da tsohon lauya shi ne kuɗin da ka ɓata da jinkirin da ka sha. Idan ba ta cetu ba, takardar ƙin amincewar da ka samu ita ce shaidarka ta farko cewa asarar ta tabbata.

Rarrabe sakaci da faɗuwa a shari'a

Ba kowace faɗuwa ce sakaci ba. Lauya bai yi alkawarin nasara ba. Abin da doka ke nema gare shi shi ne ƙwarewa da kulawar da ake tsammani daga matsakaicin lauya mai sanin aikinsa. Idan ya auna hanyoyi biyu masu ma'ana ya bi ɗaya ba ta ɓulle ba, wannan kuskuren hange ne, kotu ba za ta ci shi tara a kai ba.

Sannan akwai katangar da sashe na 9 ɗin nan da kansa ya bari. Ƙaramin sashe na 3 ya riƙe tsohuwar ƙa'idar Ingila da ke kare lauya a kan yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali: tambayar da ya yi wa shaida ko bai yi ba, hujjar da ya zaɓa ya jaddada, da makamantansu. Ingila ta yi watsi da wannan kariya a shekarar 2000 a shari'ar Hall da Simons, amma a Najeriya tana nan rubuce a cikin doka. Don haka ƙorafin da ya tsaya a kan "bai iya magana a kotu ba" da wuya ya kai ko'ina.

Abin da ke da ƙarfi shi ne aikin ofis, wanda takarda ke nunawa. Barin wa'adi ya wuce. Karɓar kuɗin shigar da ƙara a ƙi shigarwa. Yin ƙarar kamfanin da ba shi ne ya ɗauke ka aiki ba, abin da ke yawan faruwa ga waɗanda ɗan kwangila ya kawo su masana'anta. Rashin karɓo rahoton likita mai nuna girman nakasa. Ɓoye maka tayin sulhu. Wakiltar ka alhali ofishin yana yi wa kamfanin da kake ƙara aiki a ɓoye.

Akwai kuskure ɗaya da ya kashe shari'u masu ɗimbin yawa a ƙasar nan, kuma kowa zai iya gano shi da idonsa. Buɗe shafin ƙarshe na takardar shigar da ƙara ka duba wurin sa hannu. Idan sunan ofishin ne kawai a wurin, wato "Wane da Abokansa", babu sunan lauya ɗan Adam da ke cikin rajistar Kotun Ƙoli, to takardar ba ta da inganci. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Okafor da Nweke a 2007, ta kuma sake jaddadawa a 2012 a shari'ar First Bank da Maiwada. An sha yin shekaru ana shari'a, a ci nasara, a je ɗaukaka ƙara a rushe komai saboda wannan layi ɗaya. Lauyan da ya yi wannan bayan 2007 ba shi da bakin cewa bai sani ba.

Batun sulhu yana buƙatar taka-tsantsan. Kotuna suna ɗaukar cewa lauya yana da ikon sasantawa a madadin wanda yake wakilta muddin ba a taƙaita masa ba. Idan ka taɓa rubuta masa cewa kada ya karɓi ƙasa da kaza sai da izininka, ya karɓa, hujjarka ta fito fili. Idan da baki kuka yi, maganarka ce da tasa.

Wa za a rubuta a takardar ƙara

Yawancin ofisoshin lauyoyi sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba kamfani ba ne mai zaman kansa a idon doka. A binciko a CAC su waye masu ofishin, a yi ƙararsu da sunayensu tare da na ofishin. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo wani sabon tsarin haɗin gwiwa mai taƙaitaccen alhaki, wanda shi ana iya ƙararsa da sunansa, don haka binciken ne zai nuna wane iri kake fuskanta. Kada ka yarda da uzurin cewa "yaron da ke riƙe da fayil ɗin ya bar aiki". Ofis ka ba aiki, kuma mai ofis ne ke ɗaukar alhakin abin da ƙaramin lauya ko akawunsa ya yi a bakin aiki.

A tabbatar kuma mutumin lauya ne. Kowane lauya yana da lambar rajista ta Kotun Ƙoli, tana kuma jikin hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA da yake liƙawa a takardu. In ya kasance ɗan kamasho ne mai yawo da jaka a harabar kotu, maganar ta koma ta 'yan sanda.

Lissafin abin da ka rasa

Nan ne shari'a ta biyu take. Alƙali zai tambaya: da an yi aikin daidai, me za ka samu, kuma yaya ƙarfin yiwuwar samun?

A ɗauka ma'aikaci ɗan shekara 35 yana karɓar naira 100,000 a wata, ya samu nakasar da ta hana shi kowane irin aiki har abada. Dokar 2010 ta tanadi kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata ga irin wannan, wato naira 90,000, kuma a ƙa'ida ana biya har ya kai shekara 55. Shekara 20 ke nan, wata 240, jimilla naira miliyan 21 da dubu 600, ban da kuɗin magani da na gyaran gaɓoɓi. Matar da mijinta ya rasu a bakin aiki ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye ita ma kashi 90 doka ta ambata, mai ɗa ɗaya kashi 85. Wannan lissafin shi ne rufin abin da za a nema, ba abin da za a bayar ba. Kotu za ta rage saboda kuɗin da za a biya a dunƙule yau ya fi wanda za a tsinta wata-wata daraja, ta kuma rage gwargwadon shakkar da ke cikin asalin maganar.

Shari'ar da lauyoyi ke yawan kafa hujja da ita a nan ta Ingila ce, ta 1958, wadda aka sani da shari'ar Kitchen. Wata mata ce wutar lantarki ta kashe mijinta a gida, lauyoyinta suka bari wa'adin ƙarar kamfanin wutar ya wuce. Suka kare kansu da cewa ai ko an shigar ba lallai ta ci ba. Kotu ta ce abin da ta rasa dama ce mai daraja, aka ƙiyasta cikakkiyar diyyar a kan fam 3,000, aka ba ta fam 2,000. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, amma ana sauraronsa a irin wannan fanni.

Saboda haka duk shaidar da za ka buƙata a asalin neman diyya, yanzu ma kana buƙatarta: takardar ɗaukar aiki ko katin shaida, takardar albashi ko bayanan banki, katin asibiti, hoton ƙashi, rahoton likita mai faɗin kashi nawa na ƙarfin aiki ka rasa, da abokan aikin da suka ga abin da ya faru. Masu aikin yini, waɗanda ake biya a hannu ba takarda, su ne suka fi shan wahala a nan; littafin sa hannu na bakin ƙofa ko shaidar foman kan cike giɓin. A bincika kuma ko kamfanin ya yi rajista da NSITF yana zuba kasonsa, don lauyan da kake ƙara zai fara laluben wannan domin ya ce babu abin da ka rasa. Amsar ita ce aikinsa ne ya gano haka da wuri ya nuna maka wata hanyar, tunda Kotun Ma'aikata ta sha ba ma'aikata diyya a kan kamfanonin da suka bar inji ba kariya ko suka hana kayan kare jiki.

Duk kuɗin da ka kashe, na lauya, na mota, na kwafin takardu, sai an jera su ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara an kawo rasit. Abin da ba a jera ba, ba a bayarwa.

Neman lauya na biyu

Gaskiya ce, lauyoyi ba sa son ƙarar junansu, musamman a garin da kowa ya san kowa, ana haɗuwa a taron reshen NBA duk wata. Nemi wanda ke wani reshen ko wani garin, wanda ya saba da Kotun Ma'aikata. Kotun tana da rassa a Kano, Kaduna, Jos da Abuja da wasu biranen. Ka biya shi kuɗin duba fayil kawai tukuna, ya rubuta maka ra'ayinsa a kan tambayoyi uku: akwai sakaci, akwai asara, kuma tsohon lauyan yana da abin biya? Wanda ya ce maka "an ci an gama" tun bai karanta ba, ka yi gaba. A wannan karon a rubuta yarjejeniyar kuɗin aiki, ko da kaso ne daga abin da aka samu. Mai ƙaramin ƙarfi ya gwada Hukumar Taimakon Shari'a ta Ƙasa, wadda dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikata a cikin abubuwan da take taimakawa a kai, ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba.

Sabon lauya zai rubuta wa tsohon wasiƙar neman biya, da bayanin sakacin, adadin kuɗi, da wa'adin amsa. Ofis mai suna yakan fi son a rufe maganar a ɗaki, wasu ma suna da inshorar da ke biyan irin wannan. Cibiyoyin sulhu na kotu, irin na Kano da Abuja, suna karɓar irin wannan rikici, kuma abin da aka amince a kai ana iya mayar da shi hukuncin kotu. Kafin nan da bayan nan, ka kame hannunka daga Facebook. Kiran lauya ɓarawo a bainar jama'a kafin hukunci hanya ce ta ba shi ƙarar ɓata suna a kanka.

Kwamitin ladabtarwa, kotu, ko 'yan sanda

Ƙofofi uku ne, kowace da abin da take bayarwa, kuma shiga ɗaya ba ya hana shiga wata.

Kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, yana duba ɗa'ar aiki. Ƙa'idojin aikin lauya na 2023, da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, sun wajabta wa lauya ya riƙa sanar da wanda yake wakilta halin da ake ciki, kada ya yi watsi da aikin da ya karɓa, kuma ya ware kuɗin mutane daga nasa. Ana kai ƙorafi a rubuce tare da takardar rantsuwa da kwafin hujjoji, ta hannun shugaban reshen NBA, ko Babban Jojin jiha, ko Antoni Janar, ko kai tsaye ga kwamitin a Abuja. Yana iya jan kunne, ko dakatarwa, ko soke sunan lauya daga rajista, yana kuma iya umartar a maido da kuɗi ko takardun da aka riƙe. Abin da ba ya yi shi ne ƙiyasta asararka ya ba ka diyya. Kuma kai ƙorafi can ba ya tsayar da wa'adin kotu; mutane sun zauna jiran kwamiti har lokacinsu ya ƙare.

Idan kuɗin diyyar ne aka biya ta hannun lauya ya cinye, wannan ya wuce sakaci, cin amana ne a ƙarƙashin dokar laifuka ta Penal Code da ke aiki a Arewa. A samo shaidar biya daga kamfani ko kamfanin inshora, da ranar da asusun da aka tura, sannan a kai wa 'yan sanda ko EFCC.

Diyyar asara kuwa sai Babbar Kotun Jiha, ko ta Birnin Tarayya, domin tsakaninka da lauya ba alaƙar ma'aikaci da mai aiki ba ce. Ana gina ƙarar a kan saɓa yarjejeniya da sakaci tare. Ita ma tana da wa'adinta: shekara 6 a Legas da Abuja, shekara 5 a jihohi da dama. Kada ka ƙirga daga ranar da ka gano. Ka ƙirga daga ranar da aka yi sakacin, don nan ne lauyan zai ce agogo ya fara. Idan ya yi ta ɓoye maka gaskiya da gangan, kamar ya riƙa ba ka ranakun zaman kotu na ƙarya, dokokin wa'adi suna da rangwame ga wanda aka yaudara, kuma a nan saƙonnin WhatsApp ɗin da ka adana za su yi aiki.

Ka shirya jin kariya iri huɗu: cewa bai taɓa karɓar aikin ba, shawara kawai ya bayar, cewa kai ne ka ƙi kawo takardu ko kuɗin shigar da ƙara, cewa abin da ya faru a gaban alƙali ne, yana da kariya, da cewa maganar taka dama matacciya ce. Ta biyun ta fi yawa, kuma wani lokacin gaskiya ce. Idan ya rubuto maka sau biyu yana neman rahoton likita ka yi shiru, kotu na iya raba laifin ta rage abin da za ta ba ka. Ka faɗa wa sabon lauyanka irin wannan tun a zaman farko, kada ya fara jin sa daga bakin abokin hamayya.

In hukunci ya fito a gefenka, saura karɓa. Hanyar da aka fi bi ita ce a roƙi kotu ta umarci bankunan da yake ajiya su biya daga asusunsa. Asusun da aka ware na kuɗin waɗanda yake wakilta ba ya cikin wannan, don ba dukiyarsa ba ce. Na ofis da na kansa ake bi, in ba su isa ba a nemi izinin kama kadara.